Yawon Buɗe Ido a Kalaba

Bogobiri, Kalaba
9 ga Mayu

Assalamu alaikum Yaya Saliha,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Yaya Maharazu da tagwaye. Ya ƙafar Iya? Ni lafiyata ƙalau, haka ma Bilya ɗan Gwaggo Asta.

Na san kina fushi da ni. Na tafi ban yi wa kowa sallama ba, na kuma kashe waya. Wallahi ba raini ba ne. Na san in na ji muryar Iya ba zan iya ba, shi ya sa na zaɓi takarda. Ke ma kin ga yadda tsutsa ta yi wa tumatirina a Kadawa, bara da bana, gona ta tashi kamar an cinna mata wuta. Na gaji da zama a bakin kanal ina kallon ruwa yana wucewa gonakin mutane.

Wani mutumin Madobi ne ya kawo mu, sunansa Amiru, ni da Bilya da wasu samari daga Bunkure. Ya ce akwai kamfanin katako da ke ɗaukar ma'aikata, takardu kawai ake jira. Mutumin kirki ne, shi yake ciyar da mu.

Kin tuna Baffa Uba, ɗan'uwan Baba da ake cewa ya yi kudu tun ba a haife mu ba? Ashe a nan yake, dillalin albasa ne a Bogobiri, unguwar Hausawa. A masallaci muka haɗu, ya ce tafiyata ce ta tuna masa da Baba. Mudassiru direba, mai kawo masa kaya daga Kura, shi zai miƙa miki wannan.

Yaya, garin nan ruwan sama ba ya gajiya. Ko'ina kore shar. Tunda ba mu fara aiki ba, Amiru ya ɗauke mu yawon buɗe ido. Mun hau wani tudu inda tsohon gidan Turawan mulki yake, na katako zalla. An ce a ƙasarsu aka yi shi, aka kawo shi gunduwa-gunduwa a jirgi aka harhaɗa. Daga barandarsa na hango kogin. Bilya ya ce, "Taubashi, in aka juya wannan zuwa Kadawa, ai har jikokinmu ba za su yi faɗan ruwa ba."

Daga nan muka sauka gidan tarihin bayi da ke bakin ruwa. Akwai sarƙoƙi, akwai mutum-mutumi a kwance a jere a ƙasan jirgi, kai da ƙafa, ga wata ƙara kamar nishi tana tashi. Bilya ya shiga yana dariya, ya fito shiru. Amiru ya ce mu bar ɓata rai, abin da ya wuce ne. Ya saya mana riguna sababbi, ya jera mu a bakin ruwan ya yi ta ɗaukarmu hoto, yana cewa mu yi murmushi.

Ki gaida Gwaggo Asta, ki ce mata ɗanta har ƙiba ya yi.

Ƙaninki,
Taufiq

*

Kura
21 ga Mayu

Wa alaikumus salam Taufiq,

Takardarka ta iso, alhamdu lillahi. Kowa lafiya. Ƙafar Iya da sauƙi, amma tun tafiyarka ba ta cin abincin kirki. Da na karanta mata, sai ta karɓi takardar ta sa ƙarƙashin filo, alhali ka san ba ta karatun boko.

Fushi kam na yi shi. Kai kaɗai tsutsa ta ci wa gona? Maharazu ma ta ci tasa, ga shi nan yana gyaran fili zai yi dashen shinkafa. Ya ce in faɗa maka akwai gefen da ya ware maka, na kusa da ƙaramin kanal, in ka dawo kafin a gama dashe.

Na ji daɗin labarin garin, har su Hassana sun sa na maimaita musu gidan katakon. Amma akwai abin da ya tsaya mini a rai. Mene ne sunan kamfanin? Ka gan shi da idonka? Mutum bai haɗa komai da ku ba, ya ɗauko ku tun daga nan, yana ciyar da ku, yana saya muku riguna, yana yawo da ku kamar baƙin gwamna. Me zai samu? Maharazu ya tambaya a Madobi, an ce an san wani Amiru, amma ba wanda ya iya nuna gidansu.

Gwaggo Asta kullum sai ta shigo. Ba ta tambayar komai, sai ta zauna tana taya ni tsince shinkafa har azahar. Ka san Bilya kaɗai gare ta. Ka ce masa ya kira ta ko da gaisuwa ce.

Ka riƙe Baffa Uba, duk abin da za ka yi ka shawarce shi. Ka kunna wayarka.

Yayarka,
Saliha

*

Kalaba
6 ga Yuni

Yaya Saliha,

Ina gaisuwa, ina gaida Iya da kowa. Muna lafiya, sai ɗan zazzaɓi da ya taɓa Bilya, ya kuma warke.

Waya ba ta hannuna. Amiru ya karɓe na kowa da katin shaidarmu, ya ce za a yi mana rajista da su. Mun kuma tashi daga Bogobiri, yanzu muna wani gida a bayan gari kusa da ruwa. An ƙaro mutane, har da mata da wasu masu jin Faransanci. Ba a cika son mu fita ba, sai in Amiru ne ya fita da mu. Yau ma da sunan sallar Juma'a na samu na zo wurin Baffa.

Kin cika zargi, Yaya. Ke da Baffa halinku ɗaya. Wancan satin Baffan ya zaga da ni cikin tsohon gari, ya nuna mini wata tsohuwar majami'a, da kabarin wata Baturiya da aka ce ita ta yi ta faɗa a kan a daina kashe tagwaye. Na tuna su Hassana. Da muka sauko gangaren da ya nufi kogi sai ya tsaya, ya ce mini, "Ta irin wannan hanyar aka riƙa gangarawa da mutane. Kada ka ɗauka duk 'yan nan ne, akwai masu irin sunanka a cikinsu." Na ce masa ai waɗancan da sarƙa aka ja su. Ya kalle ni ya ce, "Wane aiki ne ake karɓe wa mutum waya tun bai fara ba?" Na ce zan yi tunani. Ya ce in dawo gidansa da zama, amma ba zan bar Bilya shi kaɗai ba, shi kuma Bilya ba ya son jin maganar.

Mun shiga jirgin ruwa! Amiru ya ce gara mu saba. Mun bi ta wasu lunguna masu itatuwa da saiwoyinsu a tsaye cikin ruwa kamar ƙafafun gizo-gizo, har muka fita inda kogin ya buɗe ba ka ganin ɗaya gaɓar. Na yi amai, Bilya ya yi ta yi mini tsiya. Ran Asabar ta sama za mu sake shiga, wannan karon mu yi nisa, mu ga abin da ke ƙetare. In kin ji ni shiru kwana biyu kada ki damu.

Injin ban ruwana yana ɗakin Iya, ki ba Yaya Maharazu ya yi amfani da shi. Ki ce na gode da filin. Ki ce wa Iya ta yafe mini.

Taufiq

*

Kura
17 ga Yuni

Taufiq,

Gaisuwa da fatan alheri. Duk muna lafiya, damina ta zauna, an fara dashe.

Na karanta wa Iya zancen jirgin, ta yi dariyar da na daɗe ban ji ba. Ta ce yaron da ko wanka a kanal sai an riƙe masa hannu, shi ne yake yawon shan iska a teku. Ta ce ta yafe maka tun ranar da ka tafi, ka bar maimaitawa.

Maganar karɓe waya ba ta kwanta mini ba. In kun dawo daga ganin ƙetaren, ka karɓi abinka ka koma gidan Baffa. Yawon ya isa haka, kun ga gari. Inji kuwa Maharazu ya ce ba zai taɓa shi ba, mai shi zai zo ya tayar da abinsa.

Ka rubuto mana abin da kuka gani a can.

Saliha

*

Kura
2 ga Yuli

Assalamu alaikum Baffa Uba,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan Baffa da iyali suna lafiya. Ni ce Saliha, 'yar marigayi Malam Isiyaku, yayar Taufiq. Da na kira jiya na ji Baffa ya ce ba zai yi magana a waya ba, ni ma Iya tana kusa. Shi ya sa na rubuto.

Mudassiru ya dawo mini da takardar da na aika wa Taufiq ba a buɗe ba. Ya ce tun Juma'ar da Taufiq ya zo wurin Baffa ba a sake ganinsa ba.

Baffa, ran kasuwar Bunkure wata maƙwabciyata ta dawo tana yi mini barka. Wai ta ga Taufiq da Bilya a wayar wani mutum, cikin sababbin riguna, suna murmushi a bakin ruwa. Mutumin ya tara samari a gindin bishiya yana nuna musu, yana cewa wannan Gabon ce, yaran Kura ne, sun isa har sun fara aiki, wanda ke so ya kawo sunansa. Ni na san hoton, a bakin gidan tarihin bayi aka ɗauke shi, Taufiq ya ba ni labari. Maharazu ya hau babur ya je, ya tarar mutumin ya tashi.

Ban taɓa jin Gabon a bakin Taufiq ba. Na koma na ɗauko takardarsa ta ƙarshe. Ya ce za su yi nisa su ga ƙetare, ya ba da injinsa, ya nemi gafarar Iya. Sallama yake yi mana, Baffa, ni kuwa na zauna na karanta wa Iya muna dariya.

Don Allah Baffa ya gaya mini gaskiya duk ɗacinta. Ban faɗa wa Iya da Gwaggo Asta komai ba tukuna.

'Yarka,
Saliha

*

Bogobiri
13 ga Yuli

'Yata Saliha,

Na amsa gaisuwa. Allah ya yi muku albarka, ya jiƙan Isiyaku. Ki gaida mahaifiyarku da 'yar'uwata Asta.

Zan faɗa miki abin da na sani, ba zan ƙara ba, ba zan rage ba. Na je gidan da aka ajiye su, ba kowa sai tabarmi. Wata mata mai sayar da kifi a gaban gidan ta ce mota ta kwashe su ta yi hanyar ƙauyukan masunta. Na ɗauki wani abokina ɗan garin nan muka bi. A can aka ce mana jirage sun tashi da mutane a satin da aka kwashe su, ana kuma zancen ɗaya ya kife a cikin teku. Wasu sun ce ƙarya ne, duk sun isa. Amma a wani ƙauye an nuna mana inda aka binne mutanen da ruwa ya turo. Sun ajiye abin da aka samu a jikinsu: takalman roba, carbi, da hula irin tamu. Na juya hular a hannuna na daɗe, ban san ta ba. Ba wanda ya iya gaya mini ko daga wane jirgi suke.

Na kai maganar ga hukuma, sun rubuta sunayen yaran da na Amiru. Ku ma ku kai a can, a kuma faɗa a masallatai, kada ya sake kwasar wasu.

Tun ina saurayi nake garin nan. Na sha raka baƙi su ga sarƙoƙin nan na gidan tarihi, su girgiza kai su tafi. Ban taɓa zaton zan bi bakin ruwan nan ina neman nawa ba.

Kada ki ce wa Asta an mutu, kada ki ce mata an isa. Ki ce ana nema, shi ne gaskiya.

Baffanki,
Uba

*

Bogobiri
27 ga Yuli

Yaya Saliha,

Ina gaisuwa. Ni ne, da hannuna nake rubutu. Kin ji muryata shekaranjiya a wayar Baffa, na kasa cewa komai sai kuka. Ki yi haƙuri. Jikina da sauƙi, ƙafafuna ne suka kumbura.

Amiru ya sa mun rantse ba za mu faɗi Gabon ba, wai masu baƙin ciki za su ɓata tafiyar. Ranar tafiyar, bayan la'asar aka kai mu wani lungu, ana yayyafi. Jirgin katako ne, ba irin wanda muka hau yawo ba. An cika ƙasansa da jarkokin mai, aka ce mu zauna a kai, gwiwa da gwiwa, za a rufe mu da tamfol. Tun ba a tashi ba wani yana kwarfe ruwa daga ciki da roba. Na zauna kusa da Bilya. Da na waiwaya sai na ga Amiru a tsaye a kan tudu, da fararen takalmansa, ko laka ba su taɓa ba. Shi da ya ce tare za mu tafi.

Na ce, "Bilya, mutumin nan ba zai hau ba. Tashi mu sauka."

Ya ce, "Tsoron ruwan ne ya motsa, taubashi?"

Na ce masa ba wasa nake ba, na kama hannunsa. Ya zare hannun ya ce, "Ka san abin da na baro a gida? Ɗaki yana yoyo a kan tsohuwa. In koma in ce mata me, na je na ga gidan katako?"

Aka fara jan tamfol. Na ce fitsari nake ji, na dira cikin ruwan, ya kawo mini ƙirji. Wani ya daka mini tsawa. Na kutsa cikin saiwoyin nan ina jin ana nemana, har na ji inji ya tashi. Na leƙa. Ban ga fuskar kowa ba, tamfol kawai na gani yana tafiya a kan ruwa.

Na ɓata a cikin lakar. Wasu masunta suka tsince ni zazzaɓi ya kayar da ni. Wata tsohuwa ta yi jinyata, ba na jin yarenta ba ta jin nawa, har na iya tsayawa aka sa ni a jirgin kifi zuwa gari.

Ban san ko jirginmu ne ya kife ba. Baffa ya kwatanta mini hular, ba ta Bilya ba ce, shi ba ya sa hula. Kullum ina zuwa bakin ruwa in tambayi masu jirage. Jiya wani ya ce akwai waɗanda aka kama a wata ƙasa suna tsare, zai bincika mini.

Yaya, ba zan dawo ba sai na ji labarinsa. Ba ni da idon da zan kalli Gwaggo.

Taufiq

*

Kura
5 ga Agusta

Taufiq ƙanina,

Alhamdu lillahi da Allah ya bar mana kai. Iya ta yi sujada a tsakar gida cikin ruwan sama. Tana gaishe ka, ta ce ka riƙa gasa ƙafafun da ruwan ɗumi.

An faɗi maganar Amiru a masallatan Juma'a na Kura da Bunkure. Iyaye da yawa sun fito, ashe 'ya'yansu sun riga sun ba da suna. Shi dai har yanzu ba a gan shi ba.

Na yi niyyar ɓoye takardarka, amma Gwaggo Asta ta ga Mudassiru ya tsaya a ƙofar gida. Ta shigo ta zauna ta ce, "Karanta mini, kada ki tsallake komai." Na karanta. Da na zo wurin ɗakin da ke yoyo na tsaya, ta ce in ci gaba. Ba ta yi kuka ba. Da na gama ta ce in sake karanta inda ka kama hannunsa.

Mata sun fara shigowa za su yi mata jaje, ta ce kowa ya koma gidansa, ba a kawo mata gawa ba. Sannan ta juyo ta ce in rubuta maka wannan yadda ta faɗa:

"Ka ce ba ka da idon kallona. Ni kuwa ba ni da wanda ya ga ɗana a ƙarshe sai kai. Ina so in ji wace riga ya sa, ko ya ci abinci ranar, ko zazzaɓin ya sake shi. Takarda ba za ta amsa mini ba. Uba yana can, ya fi ka sanin wanda za a tambaya. Biyu suka tafi, ɗaya aka nuna mana, ba za mu bar shi a bakin ruwa yana zagaye masu jirage ba. Ka zo, kuma gidana za ka fara sauka kafin na uwarka."

Ba Mudassiru ne zai miƙa maka wannan ba. Ka ɗaga kai ka ga wanda ya ba ka. Maharazu ya bar shinkafarsa a hannun maƙwabta ya hau motar albasa, ya kuma ce ba zai juyo shi kaɗai ba.

Ka yi wa Baffa godiya, ka bar masa lambar Gwaggo. Ka ɗauko takalmanka.

Yayarka,
Saliha